Sauya kat mer, sayen okaziyon ko lakilen araha: wanne ya fi in Windows ta ce a sake aktibe

Tun da Microsoft ta yanke ma Windows 10 tallafi ran 14 ga Oktoba 2025 maganar haye ma Windows 11 ta yi yawa a shagunan gyaran kwamfuta na Yamai, kuma Windows 11 ba kowace ordi take karɓa ba, tana son TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin ordi, da prosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, ram giga 4, disk giga 64. Mai tsohuwar kwamfuta sai ya shiga lissafi, ya ƙara ram ne, ya sa SSD, wato disk mai sauri, ya sauya kat mer gaba ɗaya, wato babban allon da sauran kayan ordi ke haɗe a kai, ko ya nemi wata okaziyon ya huta. Lissafin da ake yi na ƙarfe ne kawai, nawa ram, nawa kat mer, nawa hannun mai gyara. Na lasisi ba mai sa shi ciki, sai an ɗaure kusoshi an kunna, rubutun nan mai hazo-hazo ya fito can ƙasan ekran ta dama, Activer Windows, wato a tabbatar da lasisi, sannan a fara neman wanda za a ɗora ma laifi.

Lasisin Windows ba cikin disk dur yake zaune ba. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, mutum ya ciro SSD daga tsohuwar HP ɗinshi ya sa cikin wata, Windows ta tashi lafiya lau, hotuna na nan, takardu na nan, amma aktibasiyon ya tsaya can baya. Tun fitowar Windows 10 a 2015, in anka aktibe ordi, Windows na haɗa wata lambar shaida daga kayan cikinta ta aika ma Microsoft su aje, kuma kat mer ce ke da babban kaso cikin wannan shaidar. Kamar kart giriz ta moto ce, ka sauya taya, batir, sirdi, har fenti, takarda na nan daram, amma ranar da lambar shasi ta sauya to wata moto ce daban a idon hukuma.

Saboda haka ƙara ram, sa SSD maimakon tsohon disk mai juyi, ƙara kat grafik, galibi duk ba su taɓa aktibasiyon. Ko formate ka yi ka sake anstale daga farko, in ta tambayi lakile, wato lambar lasisi mai harufa 25, ka danna Je n'ai pas de clé de produit ka wuce, da ta samu koneksiyon za ta gane ordinta ta aktibe da kanta. Sharaɗi guda ne, ka sa irin wadda ke kai da, in Famille ce Famille, in Professionnel ce Professionnel. Masu gyara da yawa kile USB guda garesu mai Pro, ita suke zuba ma kowa, ordi mai lasisin Famille na gaskiya sai ta ƙi aktibe, daga nan a ɗauko kirak, wato logisiyel ɗin aktibe na sata, a danna mata, alhali mai ita ya riga ya biya kuɗin Windows tun ranar da ya sayi kwamfutar. Wannan na ba ni takaici ƙwarai.

Lasisin kanshi iri uku ne a taƙaice. Akwai OEM, wanda HP ko Dell ko Lenovo suka haɗa da kwamfutar tun daga masana'anta, shi an ɗaura mashi aure da ordi ta farko, ba ya ƙaura. Zamanin Windows 7 lambar na kan wata ƴar takarda mai ƙyalli da ake mannawa a gindin portabul ko gefen akwati, daga Windows 8 sai anka koma binne ta cikin BIOS, ɗan logisiyel ɗin da ke kan kat mer kanta, ba ka ganinta da ido amma Windows na karanta ta lokacin anstale. Akwai Retail, wanda mutum ya saya shi kaɗai daga Microsoft ko dillalin da ta yarda da shi, shi kam naka ne, kana iya ɗauke shi daga wannan ordi ka kai waccan muddin guda ke aiki da shi a lokaci guda. Sai na uku, lasisin jimla na kamfanoni da ma'aikatu da jami'o'i, wanda ake ce ma MAK da KMS. MAK lakile guda ne mai adadin aktibasiyon da anka ƙayyade, in adadin ya cika ya cika. KMS kuma ordi na aktibe na kwana 180 ne daga sabar cikin ma'aikatar, tana ta sabuntawa muddin tana ganin sabar, in ta daɗe ba ta gan ta ba sai ta faɗi.

Kafin ka kwance ko kusa guda ka duba wanne gareka, minti biyu ne. Buɗe Invite de commandes ka rubuta slmgr /dli, wata ƴar taga za ta fito ta nuna maka OEM_DM ko RETAIL ko VOLUME_KMSCLIENT ko VOLUME_MAK. Sai slmgr /xpr, ita ke faɗin ko aktibasiyon na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. In kai ba ma'aikacin wata babbar ma'aikata ba ne, ordin gidanka ce, kuma ka ga VOLUME_KMSCLIENT da ranar ƙarewa nan da wata shida, to ɗan'uwa ba ka da lasisi, kirak anka sa maka, babu abin da za ka ɗauka ka kai sabuwar kat mer. Amma RETAIL ɗin ma kada ka yi saurin murna, ordin da sunka haye daga Windows 7 ko 8 kyauta sukan nuna RETAIL da wani lakilen gama-gari, na Pro na ƙarewa da 3V66T, na Famille da 8HVX7, ko da asalin lasisin OEM ne. Wannan lakilen kowa na da irinshi a duniya, rubuta shi a takarda ba ya da amfani, shi kaɗai ba ya aktibe komi.

To mu zo kan zaɓi.

Na farko kuma mafi sauƙi, ka bar kat mer inda take ka gyara sauran. In ordinka ƙarni na 8 ce zuwa sama kuma nauyi kawai take yi, SSD da ram giga 8 za su tashe ta, lasisin Windows 10 ɗinta na aktibe Windows 11 kyauta, ba ka biyan ko dala. Wani lokaci ma TPM ɗin na nan an kashe shi ne cikin BIOS, a Intel sunanshi PTT, a AMD fTPM, kunna shi kawai za a yi. In kuwa tsohuwa ce, i5 ƙarni na 4 ko na 6 irin waɗanda sunka cika birorinmu da sibar-sibar, SSD zai sa ta gudu amma ba zai sa Windows 11 ta yarda da ita ba. Ana tsallake shingen da Rufus, logisiyel ɗin haɗa kile USB na anstale Windows, kuma aktibasiyon ba ya lalacewa don haka, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta yi alkawarin mizajur ga irin waɗannan ba, kuma babbar mizajur ta shekara-shekara sau da yawa sai an sake yin ta da hannu. Core 2 Duo kam a bar ta ta huta, Windows 11 24H2, fitowar 2024, ba ta ma tashi a kanta.

Na biyu, sauya kat mer da prosesar, wanda masu ordin tebur ke yi, ƴan montaj bidiyo da masu zanen fosta da ƴan wasanni. In lasisinka Retail ne na gaskiya, wannan hanya shimfiɗaɗɗiya ce amma fa sai ka yi shiri tun tsohuwar kat mer na da rai. Shiga da kont ɗin Microsoft a matsayin administrater, je Paramètres, a Windows 11 Système sai Activation, a Windows 10 Mise à jour et sécurité sai Activation, ka tabbata ka ga an rubuta licence numérique liée à votre compte Microsoft. In licence numérique kawai ta ce babu maganar kont, ba a ɗaure ba tukuna. Wannan tsarin ɗaure lasisi da kont ya shigo ne da mizajur ta 1607 a 2016. Bayan an sauya kat mer za ka iya ganin lambar 0xC004F211, ma'anarta kayan ordi sun sauya, kada gabanka ya faɗi, shiga da wannan kont ɗin dai, danna mai warware matsala na aktibasiyon, zaɓi layin da ke cewa ka sauya kayan ordi kwanan nan, jerin kwamfutocinka zai fito ka nuna wadda kake kai. In kana da lakilen nan mai harufa 25, biyar-biyar gida biyar, kana iya shigar da shi kai tsaye ma.

Matsalarmu a nan ita ce kont. Yawancin ordin da ke Yamai da kont lokal suke tafiya, mai gyara ya sa suna User ko Admin ya miƙo maka, wasu kuma da imel ɗin yaron shago anka buɗe, yaron ya koma Maraɗi ko ya sauya lamba, modapas ba wanda ya sani. Kont ɗin da ba naka ba, lasisin da ke ɗaure da shi ma ba a hannunka yake ba. Ka buɗe naka, ka sa lambar salularka wadda ba ka da niyyar yarwa, don can za su turo kod ranar da ka mance.

In lasisin OEM ne kuma ka sauya kat mer don son ƙarin ƙarfi, a ƙa'idar Microsoft sabuwar ordi ce, sai sabon lasisi. Za ka ji wani ya ce tashi ta wuce ta hanyar kont, e yana faruwa, amma ba abin da za ka gina kasafinka a kai ba ne. In kat mer ta ƙone ne, abin da ba baƙo ba ne garemu da zafin watan Afrilu da ƙura da kuran mai tafiya yana dawowa, kuma kamfanin da ya ƙera ordin ya sauya ta ƙarƙashin garanti, lasisi na nan. Mu kuwa galibi ba garanti, mai gyara ne zai samo kat mer daga wata portabul irinta da ekran ɗinta ya fashe. Abin daɗi a nan, waccan kat mer ɗin na zuwa da nata lakilen binne cikin BIOS in ordin zamanin Windows 8 ce zuwa sama, sau da yawa sai ka ga ta aktibe da kanta. Sai dai tana iya zama Famille alhali kai Pro ke kan disk ɗinka, to ka san inda za ka duba kafin a ce maka sai an sayi lakile.

Wani abu da ya kamata a sani, tsohuwar dabarar nan ta kwafo lambar takardar Windows 7 daga gindin matacciyar ordi a aktibe Windows 10 da ita ta mutu. Kyautar a hukumance ta ƙare tun 29 ga Yuli 2016 amma ƙofar ta zauna a buɗe shekaru, sai a Satumba 2023 Microsoft ta rufe ta. Ordin da ta riga ta haye kafin nan tana nan da lasisinta, amma kada wani ya sayar maka da takardar Windows 7 yau da sunan za ta yi aiki.

Na uku, ka sayi cikakken lasisi sabo. A shagon Microsoft na Faransa Windows 11 Famille yuro 145 ne, Pro yuro 259, in ka buga da 655,957 na sefa ya kama wajen jika 95 da wajen jika 170. Kuɗi ne masu nauyi, kuma biyan ma sai da kat bankin da ke aiki a intanet. Wa ya dace da shi? Wanda ke haɗa ordin tebur da hannunshi kuma ya san nan da shekara biyu uku zai sake sauya kat mer, shi sau guda zai biya lasisin ya yi ta binshi. Sai kamfani ko ONG da masu ba da kuɗi ke bincikar takardunsu, su faktir suke so mai suna da tambari. Ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni mai rubuta memuwar, ko mai sakatariyar buga takardu a bakin titi, ban ga dalilin da zai zuba jika 170 kan lasisi kaɗai ba.

Dalilina shi ne zaɓi na huɗu, wanda a ganina ya fi ma yawancinmu. Ka ɗauki kuɗin kat mer da na prosesar da na sabuwar ram, don sau da yawa tsohuwar DDR3 ba ta shiga sabuwar kat mer mai DDR4, ka haɗa da kuɗin lasisi, sannan ka zaga Babbar Kasuwa da shagunan kayan anformatik ka tambayi kuɗin okaziyon ta kamfani, irin su Dell OptiPlex da Latitude, HP EliteBook da ProDesk, Lenovo ThinkPad, ƙarni na 8 zuwa sama. Waɗannan galibinsu da lasisin Pro binne cikin BIOS suke zuwa, na halal, an biya tun masana'anta, kuma lasisin OEM na bin kwamfutar duk hannun da ta shiga. Ka formate ta sau goma za ta aktibe da kanta sau goma. Tsohuwar kuma ba ka kashe lasisinta ba, tana nan cikakkiya, ka sayar ko ka ba ƙane. Inda wannan zaɓin ya gaza shi ne ga mai son ƙarfi na gaske, ƙananan akwatunan biro ba su da wurin babbar kat grafik kuma alimantasiyon ɗinsu ƙarami ne, mai montaj bidiyo mai nauyi ba za ta ishe shi ba.

Na biyar, lakilen araha, wanda ake tallanshi a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp, Windows 11 Pro na har abada a kuɗin da bai kai na forfen wata ba, ka tura ta Nita ko Amana a turo maka harufa 25. Gaskiya sau da yawa yana aktibe, ba zan ce maka ba ya yi ba. Tambayar ita ce daga ina ya fito. Wani MAK ne na wata ma'aikata ake yanka shi ana sayar ma mutum ɗari, wani na masu rubuta logisiyel ne da anka ba su don gwaji, wani OEM ne da anka karkato. Masu sayarwa a Turai na fakewa da hukuncin kotun Tarayyar Turai na Yuli 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin da anka yi amfani da shi, amma hukuncin na da sharuɗɗa, mai lasisin na farko sai ya daina aiki da nashi, kuma ba kowane lakile da ke yawo a intanet ya cika su ba. Ga wanda ke shirin sauya kayan ordi, babban aibinshi shi ne daidai ranar da kake buƙatarshi karo na biyu yake ba ka kunya, ka sa shi a sabuwar kat mer ta ce 0xC004C008, wato an riga an cinye adadinshi, ko 0xC004C003, an toshe shi ko ba a yarda da shi ba. Mai sayarwa kuma lambarshi ba ta shiga. Araha ba ta ado. In za ka saya duk da haka ka saya da sanin cewa na ordi guda ne, sau guda, kuma aktibe da ya yi ba shi ke nuna kana da lasisi a ƙa'ida ba.

Kirak kuwa, KMSpico da danginshi, shi na fi tsoro ma mutane, ba don wa'azi ba. Kafin ya shiga sai an kashe antibirus, sannan a ba shi ikon administrater, wato ka buɗe ma wani abu da ba ka san wanda ya haɗa shi ba dukan ordinka. An sha kama na jabu ɗauke da birus mai kwashe modapas da ke aje cikin Chrome. Ordin da kake shiga imel da ita, da Facebook na sana'arka, da kont ɗin banki, da takardun kilyan, ba wurin wannan caca ba ce. Ga kuma ƙaramar wahala, da ya faɗi sai 0xC004F074, ka koma shago a sake dannawa. Kuma yana rufe lasisin gaskiya da ke ƙarƙashi, ordi nawa ke yawo da kirak alhali lakilensu na halal na kwance cikin BIOS ba wanda ya duba.

In aljihu ya yi ƙasa bayan an sauya kat mer, barin Windows ba aktibe na ɗan lokaci ya fi kirak nesa ba kusa ba. Tana aiki, mizajur na tsaro na shigowa, abin da ka rasa shi ne sauya hoton ekran da launuka, sai rubutun nan na kusurwa da ke zaune maka. Ba halal ba ne a zauna haka har abada a ƙa'idarsu, amma kafin albashi ya fito ba abin da zai lalace.

Linux, tsarin da ake sawa maimakon Windows, shi ma zaɓi ne kuma shi babu maganar aktibe sam, ka sauya kat mer sau nawa kake so. Linux Mint 22 na da tallafi har 2029, Ubuntu 24.04 ma shekara biyar, kuma suna gudu a kan i5 ƙarni na 4 ɗin nan da Windows 11 ta ƙi. Wanda aikinshi intanet ne da rubutu da kallon bidiyo, ya ishe shi. Mai sakatariya da kilyan ke kawo ma takardun Word masu tebur da tambari, LibreOffice da ke maye gurbin Word a Linux na iya karkata mashi shafi, mai Photoshop ko logisiyel ɗin kontabilite na Windows kuma kada ma ya fara. Ka gwada firintarka a kai tukuna kafin ka goge komi.

Akwai abin da ya fi aktibasiyon haɗari kuma ba a cika maganarshi ba, BitLocker, tsarin Windows na kulle disk. Aktibasiyon in ya faɗi rubutu ne kawai a kusurwa, BitLocker in ya rufe takardunka ne sunka tafi. Lakilen da ke buɗe disk ɗin na cikin TPM, TPM kuma na kan kat mer ko cikin prosesar, da ka sauya su ko ka kai disk wata ordi sai shuɗin ekran ya tare ka yana neman wata lamba mai alƙaluma 48. Windows 11 24H2 kan kunna wannan rufin da kanta in anka anstale sabuwa da kont ɗin Microsoft, mutane da yawa ba su ma san disk ɗinsu a rufe yake ba. Lambar na aje cikin kont ɗin, ana ganinta a aka.ms/myrecoverykey, ka kwafe ta a takarda tun kafin a taɓa ordin, ko ka dakatar da BitLocker ɗin kafin aiki. Babu mai gyara a Katako ko wani wuri da zai fasa maka shi in lambar ta ɓace, Microsoft da kanta ba ta iya dawo maka da ita. Ka kwashe muhimman takardu a wani disk daban ko da komi na tafiya daidai.

Office kuma nashi lissafin daban ne, aktibe Windows ba ya aktibe Word. Microsoft 365 na biyan wata ko shekara shi ya fi sauƙin ƙaura don mutum yake bi ba ƙarfe ba, ka shiga da kont ɗinka a sabuwar ordi shi ke nan, har na'ura biyar a lokaci guda, amma yana son ya ga intanet aƙalla sau guda cikin kamar kwana 30, wanda ke aiki can ƙauyukan Tawa inda rezo ke wuya ya sa wannan a lissafi. Office 2021 da 2024 na saye sau guda na ordi guda ne, ana iya kai shi wata ordin taka amma ba fiye da sau guda cikin kwana 90 ba sai in ordin ce ta lalace, kuma shi ma ta kont ake sake sauko da shi. Office 2016 da 2019 tallafinsu ya ƙare rana guda da Windows 10, na 2021 kuma Oktoba 2026 ne iyakarshi, don haka mai sayen sabo yau 2024 ya kamata ya duba. Office Professional Plus ɗin nan da ke kan kusan kowace ordi a gari, galibi na jimla ne da anka danna ma kirak, ba ya bin ka ko'ina. Adobe na biyan wata na yarda da ordi biyu, in ka shiga ta uku zai ce ka fitar da guda, wannan mai sauƙi ne. Masu wahala su ne logisiyel na kontabilite da na farmasi da na kula da kayan shago waɗanda ke ɗaure da lambar ordi, su kam ka kira wanda ya sayar maka tun kafin a kwance, ka ji ko sake aktibe kyauta ne ko da kuɗi, kuma kwana nawa yake ɗauka, don kada shago ya tsaya.

In ka tsaya kan okaziyon, kada ka yarda da kalmar activé da ke kan ekran a shago, akwai kirak ɗin da ke nuna licence numérique sak irin na gaskiya. Ka ce a ba ka minti biyar. Buɗe PowerShell ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey, in harufa 25 sun fito to akwai lakile cikin BIOS, in fili ya fito babu komi to Windows ɗin da ke kai daga wani wuri ta samo aktibasiyon, ka rage kuɗi ko ka duba wata. Rubuta tpm.msc ka ga ko 2.0 ne. Duba lambar prosesar da idonka, i5-8250U ƙarni na 8 ne, i5-7200U na 7 ne kuma ba ya cikin jerin Windows 11, kada sitika ta ruɗe ka. Shiga BIOS ka tabbata ba modapas a kai, don ordin kamfanonin Turai da Amurka wasu na zuwa a kulle. Mafi kyau ka sa a formate ta gabanka a haɗa ta da wifi, don akwai waɗanda har yanzu ke rajiste da sunan tsohon kamfaninsu a tsarin Autopilot, da ta ga intanet lokacin anstale sai ta fito da tambarin wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikacinsu, kuma kamfanin ne kaɗai ko Microsoft ke iya cire ta daga rajistar. Irin wannan ka mayar ma mai shago tun kuɗinka na aljihu, kuma ka sa a rubuta lambar seri ta ordin a kan faktir.